Yadda aka gyara Voyager 1 daga nisan kilomita biliyan 24

Ranar 14 ga Nuwamban 2023, kumbon Voyager 1 da NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta harba tun 1977 ya fara turo shirme. Siginarsa tana isowa, yana kuma karɓar umarni, amma abin da ke cikin saƙon lambobi ne kawai masu maimaita kansu. A lokacin, saƙon rediyo kan ɗauki awa 22 da rabi kafin ya riske shi, don haka kowane gwaji sai an jira awa 45 a ga sakamako.

Injiniyoyin JPL, cibiyar NASA da ke Kalifoniya mai kula da kumbon, sun zargi FDS, ɗaya daga cikin kwamfutoci uku na kumbon, wadda ke harhaɗa bayanai kafin a turo su duniya. Sun fara da dabarar kowa, a kashe a kunna. Ba ta yi ba. A farkon Maris 2024 suka aika umarnin da ya sa ta bi wasu hanyoyi daban a cikin manhajarta, sai ga shi ta turo kwafin duk abin da ke ƙwaƙwalwarta. Da aka gwada shi da tsohon kwafi, aka ga kusan kashi 3 cikin 100 ya lalace, kuma duk a guntu ɗaya ne (wato chip, ɗan ƙaramin sashen ƙwaƙwalwar) da ya daina aiki.

Guntu dai ba ya sauyuwa daga nan duniya. Abin da ya rage shi ne a kwashe umarnin da ke cikinsa a kai wani wuri, amma babu gurbi ɗaya da zai ɗauke shi gaba ɗaya. Dole aka rarraba shi, aka cusa kowane yanki inda ya samu shiga. A ganina nan ne haɗarin yake: manhajar tana kiran kowane yanki ne da lambar adireshinsa, saboda haka duk layin da ke ambaton tsohon adireshi sai an nemo shi an gyara. A manta da guda ɗaya, kwamfutar ta koma gurbin da ya mutu. Ga shi babu irin wannan kwamfuta a nan duniya da za a fara gwaji a kanta, sai tsofaffin takardu da bin layi-layi da ido.

Sun fara da yankin da ke turo rahoton lafiyar kumbon, domin idan babu shi sauran gyaran lalube ne a duhu. An aika ranar 18 ga Afrilu, amsa mai ma'ana ta iso ranar 20. Daga cikin na'urorin bincike huɗu da kumbon ke amfani da su a lokacin, biyu suka dawo aiki a Mayu, sauran biyun a Yuni.