Idan tsoro ya hana barci

'Yan'uwa cikin Almasihu, tsoron dare ya addabi mutanenmu da yawa, musamman a garuruwan da aka taɓa kai wa hari. Mutum na jin haushin kare sai gabansa ya faɗi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne jira sai tsoron ya zo kafin a nemi aya. Ƙarfe biyu na dare, zuciya na dukan uku-uku, hankali ba ya riƙe karatu. A haddace aya ɗaya gajera da rana, kamar Zabura 56:3 ko Ishaya 41:10, a maimaita ta da murya safe da yamma har mako guda. A cikin addu'a kuma a faɗi ainihin abin da ake tsoro, ko mahara ne, ko ciwo, ko bashi. "Ubangiji ka taimake ni" kawai yakan bar damuwar a dunƙule. A ajiye waya awa ɗaya kafin kwanciya, domin bidiyon gawarwakin da ake turawa a WhatsApp yana rushe duk wannan.

Nehemiya ya yi addu'a, ya kuma sa masu tsaro dare da rana (4:9), saboda haka kulle ƙofa ba rashin bangaskiya ba ne. Iliya ma da ya gudu daga Yezebel, abinci da ruwa mala'ika ya fara ba shi, saboda haka kula da jiki ma ba rashin bangaskiya ba ne. In mugayen mafarkai sun wuce wata guda, a gaya wa fasto, a kuma ga likita.