Yau mun fita ƙirgen karaban

Yau ko kujerar ofis ban ɗumama ba, tun takwas saura muka fita ni da abokiyar aikina, wata Baturiya da ta daɗe a sashen gidaje na kansul ɗinmu, wato ƙaramar hukumarmu, ita ke tuƙi ni ina riƙe da fom da biro. Aikin ƙirgen karaban ne, ɗakunan nan masu taya da ake ja da mota, waɗanda ƙabilun nan masu yawo, wato Jipsi da Matafiya 'yan asalin Ayalan ke zama a ciki. Sau biyu ake yinsa a shekara a duk Ingila, Janairu da Yuli, tun 1979 ake wannan abu, kowace ƙaramar hukuma ta fita rana ɗaya ta ƙirga na yankinta ta tura wa ma'aikatar gidaje a Landan su haɗa su fitar. Wanda ya saba zuwa yana hutu shi ne aka ce in bi ta.

Tun a mota take ja min kunne wai kar in tambayi sunan kowa, kar in ƙirga mutum ko yaro, karaban kawai. Fom ɗin gida-gida ne: filin haya na kansul, filin mutum na kansa mai izini, filin mutum na kansa da bai samu izinin zama ba, sai kuma waɗanda suka sauka a filin da ba nasu ba. Biyun ƙarshen nan kowanne an sake raba shi, wanda hukuma ta kau da kai da wanda take neman tayarwa. Masu yawo da lilo da kayan wasan yara a bukukuwa su nasu sai Janairu.

Filin kansul muka fara zuwa. Wallahi da ni kaɗai ne da ban gane hanyar ba, ka wuce kamfanoni, ka wuce wurin zubar da shara, sai ga shi a manne da babban titi, ƙarar manyan motoci ko maganar juna da ƙyar muke ji, ba shago ba tashar bas a kusa. Amma kana shiga get ɗin abin ya canja, ko'ina a share, kowane iyali da ɗan filinsa da shinge, babban karaban da baya motsi da ƙarami na tafiya, ga ɗan ginin bulo a gefe mai kicin da banɗaki saboda da yawansu basa yarda a yi bayan gida a inda ake kwana ana cin abinci. Haya suke biya da harajin kansul da kuɗin wuta kamar kowa, ni kam da na zo ƙasar nan yadda jaridu ke maganarsu na ɗauka kyauta suke zaune.

Wata dattijuwa na zaune bakin ƙofarta da kofin shayi, ta gane abokiyar tawa, tace kun zo ƙirga mu kuma? Tace tun tana amarya ake zuwa da takarda ana ƙirgawa, ga ɗanta ya yi aure ya haihu yana maƙale a bayan nata filin dan ba inda zai je, sunansa na layin jira ba ranar da za a kira shi, to ƙirgen na mene ne. Abokiyar tawa ta yi dariyar yaƙe tace aiki ne aka sa mu. Ni dai sai jangali ya faɗo min, yadda kakana ke ba mu labarin Fulani na kora rabin garke daji idan suka ji masu ƙirga sun taho, dan sun san ba a taɓa ƙirga su dan a ba su wani abu ba. Karaban ɗin ɗan nata dai na saka shi cikin na masu izini tunda cikin filin yake, kenan a takarda matsalarsa bata fito ba sam.

Kuma tana da gaskiya. Akwai dokar 1968 da ta wajabta wa ƙananan hukumomi su samar musu da filayen zama, yawancin irin wannan fili a ƙarƙashinta aka yi su, sai 1994 gwamnati ta soke wajabcin tace su je su sayi filinsu da kansu. Suka saya ɗin, sai kuma izini ya zama aiki.

Wuri na biyu irinsa ne, wata gona a bayan gari, dangi ne suka haɗa kuɗi suka saya, takardun mallaka na hannunsu, sun zuba tsakuwa sun ja ruwa, amma izinin hukumar tsara gari babu, an hana su sun ɗaukaka ƙara ana ta jan magana. Filinka halak malak amma a fom ɗina sunanka mara izini. Mai gidan ya fito ya tsaya hannu a aljihu yana kallon biro na, bai ce ƙala ba sai da muka juya yace ku rubuta daidai fa. Dale Farm da ke Basildon a Essex haka yake, filin nasu ne amma wani ɓangare ba izini kuma yana cikin yankin da aka hana gini a kewayen gari, aka shekara goma ana shari'a, Oktoban 2011 aka zo da 'yan sandan kwantar da tarzoma aka tashe su, miliyoyin fam suka tafi a korar kawai.

Bayan na yi azahar a gefen mota mun ci sanwic, muka nufi wurin da ya fi tsaya min a rai. Tun farkon sati waya ke shigowa ofis wai Matafiya sun sauka a filin ƙwallon wata unguwa, mutanen unguwa sun cika Facebook da hotuna da zagi. Da rani dama sun fi yawa a hanya, lokacin aiki ne da bukukuwa, irin kasuwar dawakin Appleby ta watan Yuni. Muna isa wayam, sai sawun taya a ciyawa da baƙaƙen ledojin shara an tara a gindin bishiya da wani ƙaton kankare da aka toshe mashiga da shi. Jiya da yamma aka tashe su. Nace to me zan rubuta, tace sifili mana, abin da ido ya gani yau shi ne ƙirge. Nace ai ba ɓacewa suka yi ba, tace ƙila sun tsallaka yankin maƙwabta, in ma'aikatan can sun gan su shikenan in basu gani ba sai Janairu.

Tun dokar 2022 zama a filin wani da mota bayan an ce ka tashi zai iya zama laifin da ake ɗaure mutum wata uku, ko tarar fam 2,500, ko a kwace motar, wadda ita ce gidan naka gaba ɗaya. A 2024 babbar kotu ta ce wani ɓangaren dokar, na hana mutum komawa wurin har wata 12, ya saɓa haƙƙin ɗan Adam. To wanda ke tsoron a kwace masa ɗakin kwana zai tsaya inda mai fom zai gan shi? Ni a ganina duk lokacin da aka ce adadin na bakin hanya ya ragu sai a tambaya raguwa suka yi ko ɓuya. A Leeds suna da wani tsari, kansul ta yi yarjejeniya da iyali su zauna na ɗan lokaci a wuri kaza, a kawo musu banɗakin tafi-da-gidanka da kwandon shara, su kuma su kiyaye sharuɗɗa, abokiyar tawa tace ta sha kawo maganar a mitin, kansiloli na jin sunan suke canja zance dan ba mai son a ce a mazaɓarsa aka ajiye su.

Abin mamakin ma lambobin da ake fitarwa basu goyi bayan hayaniyar ba. A 'yan shekarun nan jimillar ta haura 25,000, a 1979 wajen 8,000 ne, kuma sama da takwas cikin goma a fili mai izini suke, marasa izinin ma yawancinsu a filin kansu suke zaune, na bakin hanya da ake ta ihu a kansu 'yan kaɗan ne. Sannan ƙidayar 2021 ta samu mutum wajen 68,000 a Ingila da Wales da suka ce su Jipsi ne ko Matafiyan Ayalan, kuma mafi yawansu a gidan bulo suke, wasu da son ransu wasu dan ba fili, su wannan ƙirgen namu bai ma san da su ba.

Ƙarfe huɗu muka koma ofis na zauna gaban kwamfuta ina shigar da lambobi, oga ya leƙo yace yaya na bakin hanya, nace sifili, yace madalla ya wuce. Akwai ɗan gurbin ƙarin bayani a namu fayil ɗin na cikin gida, na rubuta cewa an tashi wasu iyalai jiya a filin ƙwallo, abokiyar tawa ta karanta tace ba laifi bar shi, amma ba shi za a tura Landan ba.