Gyaran Kwamin Fulawa a Ƙofar Gida

Yawancin fulawar da ke mutuwa a ƙofar gida, ƙasar wurin ce ke kashe ta. Magina kan binne ɓaraguzan siminti a nan, sai saiwa ta kasa ratsawa. A haƙe kwamin zurfin kamu ɗaya, a tsince su tas, sannan a cika da bokiti 3 na ƙasar gona, 1 na yashi, 1 na takin shanu da ya ruɓe sosai. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma jawo gara.

A yi dashe da yamma, bayan damina ta zauna. Lalle shinge ne mai kyau, ga jure fari, ga ƙamshin fure da daddare. Amma tun ranar farko a kewaye da waya, don akuya ɗaya ta isa ta cinye kwamin kafin azahar.