Ɗakin Kwana a Kan Tirela: Abin da Ake Dubawa Kafin a Karɓi Makulli

Direban doguwar hanya ya fi kwana a motarsa fiye da gidansa, amma da yawa sai sun kama aiki suke farga cewa ba su tambayi komai ba game da inda za su sa haƙarƙarinsu. A tambayi albashi, a tambayi ranakun hutu, a ga hoton sabuwar mota tana ƙyalli a tallar kamfani, sai a sa hannu. Abin da aikin nan yake koyarwa, galibi bayan an sha wuya, shi ne daɗin ɗakin kwana yana hannun kamfani: me ya saya ya ɗaura wa motar, me ya yarda direba ya kunna, kuma kwana nawa yake ɗauka kafin ya gyara abin da ya lalace.

Girma shi ake fara gani, kuma shi ya fi ruɗar mutane. A Amurka da inci ake kiran ɗakin: Freightliner Cascadia tana da mai inci 72, Kenworth T680 mai 76, Peterbilt 579 kuma har mai 80. Wannan awo daga bayan kujeru ne zuwa bangon baya, gadon kuwa a gicciye yake, saboda haka ƙarin incin a fili da wurin ajiya yake tafiya. Tsayin rufi ya fi shafar jiki. Motocin tanka da masu buɗaɗɗen bodi sukan zo da gajeren rufi, inda dogon mutum zai riƙa sa tufafi a sunkuye kullum safiya. In mai ɗaukar ma'aikata ya ce ɗakin "ya cika ƙa'ida", kada hakan ya burge ka, don dokar Amurka wurin gado mai tsawon inci 75 da faɗin inci 24 kawai ta nema, wato faɗin da bai wuce santimita 61 ba, wanda da ƙyar mutum zai juya a kai. A Turai kuwa, inda aka iyakance tsawon kai da bodi a haɗe zuwa mita 16.5, kan motar gajere ne, sai a fi sa ido kan faɗin gado. Can ma doka ta hana direba yin cikakken hutun mako na awa 45 a cikin mota, dole kamfani ya biya masa masauki.

Tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce: in an kashe inji, me zai sanyaya ɗakin, me zai ɗumama shi? A tsarin Amurka direba yana tuƙin awa 11 a cikin awa 14 na aiki, sannan ya huta awa 10 a jere, kuma ba kullum hutun yake faɗowa da dare ba. Wanda ya sauke kaya da asuba, barcinsa da rana tsaka zai kama, a filin kwalta, cikin akwatin ƙarfe da gilashi. Barin babban inji a kunne mota na tsaye yana shan gas wajen lita 3 a awa, shi ya sa kamfanoni da yawa suke saita kwamfutar motar ta kashe shi da kanta bayan 'yan mintuna. Wasu jihohin ma, irin Kalifoniya, sun taƙaita shi zuwa minti 5 ga motar da ba ta da shaidar tsaftar hayaƙi.

Mafita iri uku ce, kuma ba ɗaya suke ba. Akwai ƙaramin injin gas da ake ɗaurawa a gefen ƙashin mota, wanda ake kira APU. Yana ba da sanyi da ɗumi da wuta, yana cajin batir, yana kuma shan abin da bai kai rabin na babban inji ba. Aibinsa ƙara, da buƙatar juyen mai da canjin bel da matata kamar kowane inji. Akwai na batir, wanda shiru yake aiki, sai dai a rana mai zafi ko in baturan sun tsufa, yakan mutu kafin awa 10 ta cika, balle hutun awa 34 da direba yake yi don a fara masa sabon lissafin awannin aikin mako. Wasu motocin sukan tayar da inji da kansu don su yi caji, kuma girgizar nan tana tayar da mai barci sau biyu ko uku. Na uku ƙaramar hita ce mai ƙona gas, irin ta Webasto ko Espar, a ƙarƙashin gado. Ba ta kai rabin lita a awa ba, amma ɗumi kawai take bayarwa. Nan ne ake yawan faɗawa rami: a ce maka "motocinmu duk suna da na'ura", ashe hita ake nufi, sai bazara ta zo ka gane. Ka nemi a faɗa maka sunan na'urar, da ko duk motocin ne suke da ita ko sababbi kaɗai.

Sai wutar lantarki. Ramin caji na gaban mota mai bolt 12, da fis na amfiya 15, iyakarsa wat 180. Ya ishi waya da ƙaramar fanka. Na'urar ɗumama abinci da aka rubuta wa wat 700 tana jan sama da 1,000 a zahiri, don haka ana buƙatar inbata, wato na'urar da take mayar da wutar batir irin ta gida, mai wat 1,500 ko fiye, haɗe kai tsaye da batir. Irin wannan tana jan sama da amfiya 125, kuma siririyar waya ko rashin fis kusa da batir su ne suke jawo gobara. Shi ya sa wasu kamfanonin suke hana ta sam, wasu kuma suke cewa sai garejinsu ya ɗaura. Na biyun ya fi hankali. Mai amfani da na'urar taimakon numfashi lokacin barci ya faɗa tun kafin a ba shi mota, don motar tana da makunnin da yake yanke wutar ɗaki in batir ya yi ƙasa domin a samu na tayar da inji.

Akwai kuma tambayar da ba ta cikin talla: motar taka ce kai kaɗai, ko karɓa-karɓa ake yi? Inda ake karɓa-karɓa, ba ka da firji, ba ka da wurin ajiya, ga katifar da ba ka san wa ya kwana a kai jiya ba. Ko motar taka ce, ka ji ko ana ba sabon direba sabuwar katifa. In tuƙin mutum biyu ne, ɗaya yana barci mota na tafiya, a gadon ƙasa ya kamata ya kwanta, da ragar kariya a ɗaure. A duba ragar tana nan kuma makullanta suna kamawa.

Mai ɗaukar ma'aikata aikinsa ya cike gurbi. Direbobin kamfanin da za ka tarar a wurin shan mai su za su gaya maka gaskiya, kuma tambaya ɗaya ta isa: ran da na'urar sanyi ta mutu, kwana nawa aka yi kafin a gyara? In aka ce sai lokacin juyen mai ya zo, to kamfanin bai ɗauke ta a bakin komai ba.

Ranar karɓar mota, kada a yi gaggawa. Ɗaga gadon ka haska ƙasansa: tsatsa ko jiƙaƙƙen kafet alama ce ruwa yana shiga ta ƙofar akwatin gefe. Danna tsakiyar katifa da tafin hannu. In ka ji katako, ta gama aiki. Ja labule ka ga ko haske yana ratsowa. Kunna inji ka shiga ɗakin ka rufe ƙofofi, in ka ji warin hayaƙi salansa na yoyo, kuma wannan ba motar kwana ba ce sai an gyara, don iskar da take kisa a cikin hayaƙin ba ta da wari ko kaɗan; ƙaramar na'urar gargaɗi mai batir a kusa da gado ba ta da tsada. Daga nan kashe inji, kunna na'urar sanyi, ka zauna minti 20 ka ji ko iskar tana nan da sanyinta, sannan ka gwada hitar ko da lokacin zafi ne. Duk abin da ka gani, ka rubuta shi a takardar karɓar mota, ka ɗauki hoto, shugaban gareji ya sa hannu kafin ka fita daga harabar.