Albumin da ya cinye mana watanni

Da muka tashi ƙera na'urar gwajin jini da polima, mun zaɓi furotin ɗin AFP ne saboda yakan ƙaru a jinin masu ciwon dajin hanta, wanda cutar hanta nau'in B da gubar aflatoksin ta gyaɗa da masara ke rura wutarsa a ƙasashenmu. Kayan gwajin da aka saba da su suna dogara da antibodi, wato furotin ɗin garkuwar jiki da ke kama abin da ake nema, shi kuwa sai da firji. Polima, wato sinadari dangin roba, ba ruwanta da zafi ko ɗaukewar wuta, ga araha.

Ƙera ta bai ba mu wahala ba. Ka shimfiɗa polipirol, wani nau'in polima, a kan elektrod (ɓangaren na'urar da lantarki ke bi) tare da AFP, ka wanke furotin ɗin, sai ya bar gurbinsa kamar sawun ƙafa a laka. A ruwan gishirin gwaji, na'urar tana kama AFP ƙasa da nanogiram 20 a mililita, ma'aunin da likitoci ke fara sa ido a kai. Har mun fara rubuta sakamako.

Da muka ɗiga ruwan jini na gaske, komai ya rushe. Jinin mai lafiya da na mara lafiya amsa ɗaya suke bayarwa.

Albumin ne, furotin ɗin da ya fi yawa a ruwan jini. Yana kaiwa miligiram 40 a kowace mililita, wato ya ninka AFP ɗin da muke nema sau miliyan biyu. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne su biyun dangi ne, girmansu da siffarsu sun yi kusa ƙwarai, don haka gurbin da muka sha wuyar ƙerawa ya zame wa albumin mazauni. Yawancin rahotannin da muka bi a ruwan gishiri suka tsaya, ko a jinin da aka tsinka har ya kusa zama ruwa. Har yau idan na ga irinsu sai raina ya ɓaci.

Sai da muka daina yin gurbin furotin ɗin gaba ɗayansa, muka koma ga ɗan guntun da albumin ba shi da irinsa, sannan amsar ta fara rabuwa.

Ɗalibin da ya zo wurina yanzu, kafin ya auna AFP ko sau ɗaya nakan ce masa: ɗauko albumin ka zuba, ka kuma gwada polimar da ba a yi wa gurbi ba. In ta amsa daidai da taka, kada ka ɓata furotin mai tsada, koma ka sake ƙira.