Zakaran da na kai baje koli

Tun da asuba muka ɗaure kwanduna shida a bayan adaidaita, ni da ƙanena, muka bar Maraɗi zuwa baje kolin noma da kiwo da aka shirya a ƙauye bayan girbi. A ƙasar nan in ana maganar kiwo, jar akuya ce sarauniya, wurinta jama'a ke cincirindo, nan manyan baƙi ke tsayawa a ɗauke su hoto. Mu masu kaji da zabi can gefe aka ajiye mu, kusa da masu albasa. Ko a jikina, don na san abin da ke cikin kwandunana.

Wata 9 na yi ina renon zakaran nan. Ubansa irin manyan kajin nan ne da ake kira Brahma, mai gashi har ƙafa, uwarsa kazar gida, irin wadda zafin bazara ba ya kayar da ita. Ya ɗauko girman uba da juriyar uwa. Daren tafiya na wanke masa ƙafafu da ruwan ɗumi, na shafa ɗan man gyaɗa a zankonsa har ya yi ja wur. Jikin kuwa ban taɓa da ruwa ba, sanyi ya riga ya shigo. Toka da yashi nake zuba musu su yi birgima, shi ke korar ƙwarƙwata. Ruwan shansu ma daga gida na ɗebo a bido.

Da likitan dabbobi ya iso kaina sai ya ɗaga zakaran, ya buɗe bakinsa, ya duba ido, ya baje fiffike, ya bi ƙashin ƙirji da yatsa ya ji tsoka ta rufe shi. Ya ce, "Baba, yaushe rabonsa da rigakafi?" Na miƙa masa littafina. Kowace shekara kafin hunturu nake yi musu, domin annobar nan da likitoci ke kira Niyukasal da iskar sanyi take tashi, kuma in ta shiga gida sai ta share akurki tas.

Abin da ya sosa mini rai maƙwabcina ne na rumfa. Da bakinsa ya faɗa mini shekaranjiya ya sayi zakaransa a kasuwa, ga shi ya kawo a matsayin kiwonsa, hanci na yoyo, ido a lumshe. Sai na ja kwandunana baya. Irinsu ne ke ɓata mana sana'a, su da masu sayar da dusa haɗe da yashi don buhu ya yi nauyi. Sau biyu aka yi mini haka bana, shi ya sa yanzu gero da masara nake saye da tiya, in kai inji da kaina.

Wannan aiki wurin gwaggona na koya, can wajen Tibiri. Da damina in zabi sun fara ƙwai, ita ke sa ni bin sawunsu cikin gona in gano inda suke zubawa. Zabuwa ba ta iya reno ba, sai mu sa wa kaza. Ƙwan kaza kwana 21 yake ƙyanƙyashewa, na zabo sai ya kai 26 zuwa 28, don haka gwaggo kan zaɓi kaza mai haƙurin kwanci. Da yamma mu cusa busasshen kashin shanu da kara a tsohuwar tukunya, mu yayyafa ruwa, mu kife ta kan hanyar gara. Da safe 'yan zabi su sami kalaci. Kullum takan ce, "Ɗan nan, kar ka sake su sai raɓa ta bushe." Har gobe haka nake yi.

Bayan azahar aka ba ni takardar yabo. Nan da nan wani mai babbar riga ya matso, ya juya zakaran, ya taya shi kuɗin kazar miya. Na ce, "Alhaji, albarka." Ya ƙara jika guda, wai ai kaza kaza ce. Na mayar da abina kwando.

Yanzu yana akurki shi kaɗai, sai ya yi mako biyu ina lura da shi kafin ya koma cikin kajin. Mutum huɗu sun riga sun kama layin 'yan tsakinsa. Mai so ya zo bayan la'asar, lokacin nake ba su abinci, ya ga iyayen da idonsa.