Na yafe wa yaron, amma na bi haƙƙina wurin kamfanin

Ni tela ne. Shagona yana Kasuwar Barci a Tudun Wadar Kaduna, gidana kuma yana Badarawa. Duk wanda ya san sana'armu ya san abin da watan azumi yake a wurinmu: abin da ka tara a kwanakin nan shi ke riƙe gida har bayan Babbar Sallah. A azumin 2025, ranar 16 ga wata, shadda da yadi sun cika shagon har ba wurin ajiye ƙafa, na hau babur ɗina zan je gida in sha ruwa in dawo aikin dare.

A titin Ali Akilu abin ya faru, saura kamar minti 20 a kira magariba, lokacin da kowa ke gudu kamar ana korarsa. Wani yaro a kan babur, da ƙaton akwatin abinci a bayansa, ya biyo hannun da ba nasa ba don ya yanke hanya. Ban ankara ba sai ji na yi mun haɗu. Da na buɗe ido ina kwance a kwalta, shinkafa ta watse ko'ina, kunun gyada yana malala daga wata roba da ta fashe har yana taɓa rigata. Wayar yaron tana ta ƙara a aljihun gaban rigarsa, mai abincin ne ke kira. Ya ɗauka hannunsa na rawa, gwiwarsa na jini, abin da kawai ya iya cewa shi ne, "Hajiya, ki yi haƙuri, na yi hatsari." Shekarunsa ba za su wuce 22 ba.

Nan take jama'a suka taru. Wasu na neman dukansa, wani dattijo ya shiga tsakani, sannan ya durƙuso kaina ya ce, "Malam, ƙaddara ce, ga azumi a baki. Ka yafe masa." Na ce na yafe, kuma har zuciyata na faɗa. A lokacin jini bai huce ba, ban san tsintsiyar hannuna ta dama ta karye ba, hannun da nake riƙe almakashi da shi.

Da ba don wani mai sayar da dabino a bakin titin ba, da maganar ta mutu a nan. Kafin a ɗaga baburan ya ɗauki hotonsu yadda suke kwance, da lambar babur ɗin yaron, da sunan da ke jikin akwatin, ya karɓi lambata ya turo mini. Ni ko tunanin haka ban yi ba. Hoton nan ne daga baya ya nuna wanda ke kan hannunsa da wanda ya saɓa, kuma mutumin ya yarda ya ba da shaida. Allah Ya saka masa da alheri.

Aka sa ni a Keke Napep zuwa asibiti. Sun duba ni ba tare da sun ce sai na kawo takardar 'yan sanda ba, kuma haka doka ta ce: Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ƙin karɓar wanda ke buƙatar taimakon gaggawa. Aka yi hoton ƙashi, aka ga karaya, aka ɗinke mini goshi. A daren Kawuna ya zo ya ce a cire ni a kai ni wurin mai ɗori, wai sati biyu zan koma kan keke. Ba na raina ɗori, a gidanmu an sha yi an warke. Amma mai ɗori ba ya ba da rahoton likita, ba ya ba da rasit, kuma da na bi maganar Kawu da ba ni da abin da zan nuna wa kowa. Na ce, "Kawu, a bar ni a nan tukuna." Bai ji daɗi ba, amma ya ƙyale ni.

Kwana biyu bayan haka wani lauya da nake yi wa ɗinki ya kira yana tambayar kayan Sallarsa. Da ya ji abin da ya faru ya zo har gida. Tambayarsa ta farko ita ce ko an kai rahoto wurin 'yan sanda. Ba a kai ba, don ni a ganina tunda na ce na yafe, magana ta ƙare. Ya ce, "Malam, yaron ka yafe wa. Babur ɗin nasa ne? Abincin nasa ne? Wa ya aike shi?" Na yi shiru.

Washegari ƙanena ya kai ni ofishin 'yan sandan yankin, sashen da ke kula da haɗurran hanya. Suka rubuta bayanina, suka je wurin suka zana yadda abin ya auku, aka kira yaron da babur ɗinsa, jami'in duba ababen hawa ya duba baburan biyu. Jinkirin kwana ukun nan ya so ya cuce ni, don an riga an kwashe komai daga titi. Wanda irin wannan ya same shi ya kai rahoto a ranar, ko ya tura wani, ko a kira jami'an kiyaye haɗurra a lamba 122.

A nan na fahimci wani abu da mutane da yawa ke cakuɗawa. Shari'ar da 'yan sanda za su kai kotu a kan tuƙin ganganci tsakanin hukuma ne da yaron. In an ci shi tara, aljihun gwamnati za ta shiga. Neman diyyar hannuna da babur ɗina da aikin da na rasa wata hanya ce daban, ni zan bi ta da kaina. Ni kuwa ba ɗaure yaron nake so ba. Da na gan shi zaune a benci a ofishin, kansa a sunkuye, ya ce mini "Baba, wallahi in na makara kuɗina suke yankewa," sai na ji ba shi ne abokin rigimata ba.

To, wane ne? Nan ne aikin ya yi wuya. Sunan da ke jikin akwatin na wani gidan abinci ne. Muka je, manajan ya ce yaron ba ma'aikacinsu ba ne, su dai sun ba wani kamfanin kai saƙo kwangila. Kamfanin kuma da farko cewa suka yi yaran nasu masu zaman kansu ne, kowa da alhakinsa. Barista ya bayyana mini dalilin da ya sa kowa ke gudun kalmar "ma'aikaci". A dokar da kotunanmu ke bi, in ma'aikaci ya yi sakaci yana cikin aikin da aka sa shi, ubangidansa na ɗaukar nauyin ɓarnar tare da shi. In kuwa ɗan kwangila ne mai cin gashin kansa, galibi wanda ya ba shi aiki ya fita. Kotu kuma ba sunan da kamfani ya laƙaba wa mutum take dubawa kawai ba, tana duba yadda zaman yake a zahiri: wa ke da babur, wa ke biyan albashi, wa ke tsara lokacin shiga da tashi, wa ke iya korarsa.

Da aka bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya, sai ga takardun babur da sunan kamfanin. Rigar da ke jikin yaron tasu ce. Kullum da safe yana sa hannu a ofishinsu, ƙarshen wata ana tura masa albashi, ga saƙonnin banki a wayarsa. Kuma a daidai lokacin da ya buge ni saƙonsu ne a bayansa, ba yawon kansa ya fita ba. Da babur ɗin nasa ne, yana karɓar aiki ta manhaja a waya lokacin da ya ga dama, da maganar ta fi haka tsauri, wataƙila da inshorarsa kaɗai zan dogara.

Kafin Barista ya rubuta musu wasiƙa, wani daga kamfanin ya zo gidana da lemo da ambulan. Naira dubu 50 ce a ciki, tare da wata takarda da aka buga da Turanci. Ya ce, "Alhaji, wannan na magani ne, ka sa hannu kawai don mu nuna wa Oga an ba ka." Sallah saura kwana takwas, masu kaya na ta kira, yara ba a yi musu komai ba. Gaskiya zuciyata ta karkata. Matata ce ta ce, "Maigida, a bari Barista ya gani." Na ɗauki hoton takardar na tura masa. Bai yi minti biyar ba ya kira: abin da ke ciki shi ne na karɓi kuɗin a matsayin cikakken biya, kuma na janye duk wata magana har abada. A lokacin ko likita bai san ko hannun zai buƙaci aiki ba. Na mayar masa da ambulan ɗinsa.

Sai maganar inshora, wadda da nake ɗauka takardar nuna wa 'yan sanda ce kawai. Doka ta wajabta wa duk abin hawa da ke bin titi inshorar da za ta biya wanda aka yi wa ɓarna. Tun 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, wato NAICOM, ta sa kuɗinta ga babur naira 3,000 a shekara, tana ɗaukar ɓarnar dukiya har naira miliyan 1. Ƙaramar mota ta gida kuma naira 15,000, har miliyan 3. Rauni a jiki da rasa rai su ma suna cikin abin da take ɗauka. Daga 1 ga Fabrairun 2025 'yan sanda suka fara matsa wa mutane a kanta a duk faɗin ƙasa. Takardun jabu suna da yawa, shi ya sa Barista ya danna *565*11# a wayarsa ya sa lambar babur ɗin, muka ga tasu ta gaske ce kuma ba ta ƙare ba. In kamfanin inshora ya yi ta ja da mutum, ana iya kai ƙorafi NAICOM.

Ni kuwa tawa inshorar ta ƙare wata huɗu kafin hatsarin, kuma ba na sanye da hular kwano. Duka biyun sun dawo mini. Lauyansu ya riƙe su da kyau, ya ce da akwai hula da goshin bai fashe ba, kuma gaskiya ya faɗa. Doka ta yarda a rage wa mutum diyya gwargwadon sakacinsa. Bai hana ni haƙƙina ba, tunda ba rashin hula ne ya sa yaron ya saɓa hannu ba, amma ya rage mini ƙarfin baki a teburin.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne tabbatar da asarar aiki. Kuɗin asibiti da magani da gyaran babur akwai rasit, matata ta adana kowanne a cikin wata ledar atamfa, har na Keke ta rubuta a takarda. Amma tela ba shi da takardar albashi. Na ce na rasa ɗinkin Sallah gaba ɗaya, suka ce ina shaida? Sai na tuna da littafin awo. Tsohon littafi ne mai baƙin bango, gefensa duk ya yi laushi da maiƙon hannu. Kowane shafi akwai sunan mai kaya, awonsa, ɗan ƙyallen yadinsa da na maƙala da allura, kuɗin ɗinki, da kafin alƙalamin da ya bayar. Muka ƙirga waɗanda na mayar wa kayansu da kuɗinsu, muka haɗa da saƙonnin banki na mayarwar. Abin da aka yi ta waya ya tsaya. Abin da na mayar hannu da hannu ba tare da na rubuta ba, sun ƙi yarda da shi, kuma ban iya musu ba. Na yi asara a nan sosai.

Barista bai ɓoye mini ba cewa ƙofar Babbar Kotu a buɗe take, kuma a can ana iya ba ni har diyyar zafin ciwo da wahalar da na sha. Ya kuma ce shari'a na iya ɗaukar shekaru, kuma akwai wa'adin da doka ta ɗibar wa irin wannan ƙara, in ya wuce an rufe ƙofa, don haka kada a bari alƙawarin "za mu duba" ya cinye lokaci. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya, Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa tana da ofis a Kaduna, kuma dokarta ta 2011 ta haɗa da neman diyyar hatsari ga masu ƙaramin ƙarfi. Na kuma tambayi limamin unguwarmu, don maganar "na yafe" tana damuna. Ya ce rauni yana da diyyarsa a Musulunci ko da bisa kuskure ne, karɓarta ba zalunci ba ne, sulhu kuma alheri ne matuƙar ba a danne mai haƙƙi ba. Daga ranar na samu natsuwa.

Sulhun muka zaɓa, amma a rubuce, a ofishin Barista, bayan an cire mini filasta kuma likita ya rubuta rahotonsa na ƙarshe. Zama uku muka yi. Inshora ta biya gyaran babur da kuɗin asibiti, kamfanin ya biya wani kaso na aikin da na rasa da kuɗin gashin hannu, kashi biyu, da ranar biyan kowanne a takarda. Bai kai abin da na rasa ba, amma ya ninka dubu 50 ɗin nan sau da yawa.

Sharaɗi ɗaya na kafe a kai, har Barista ya ce ba kasafai ake sa irinsa ba: kada a cire ko sisi daga albashin yaron saboda abin da aka biya ni. Wakilinsu ya yi jim, ya fita ya yi waya, ya dawo ya ce sun amince, aka rubuta shi a sakin layi na ƙarshe. Sai da kashi na biyu ya shigo asusuna sannan na koma wurin 'yan sanda na sanar da su mun daidaita, ba ni da sauran ƙorafi a kansa.

Na koma shago bayan wata biyu da rabi. Har yanzu in na yanka shadda mai kauri fiye da kala uku a jere sai hannun ya yi tsami, sai in miƙa wa yarona almakashin in koma kan keke.